Rasuwar Farfesa Keziya Mangeni da Labarin da Bai Kai Tsibiri Ba

JAMI'AR KIRISTA TA KWARIN SIO
Ofishin Magatakarda, Busia, Uganda
Juma'a, 17 ga Maris, 2006

Zuwa ga Mzee, wato Dattijo, Sitefano Mangeni, shugaban gidan Mangeni da ke Buhehe. Ga 'ya'yan marigayiya, Uwargida Dorokasi Hadoto da Malama Eseza Mangeni. Ga ƙungiyoyin kurame da na makafi da iyayen yara masu buƙata ta musamman. Da kuma jama'a baki ɗaya.

Cikin alhini mai nauyi, wanda duk da nauyinsa bai hana mu ɗaga kai ba, Hukumar Gudanarwa da Majalisar Malamai da ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Kirista ta Kwarin Sio, a ƙarƙashin Mai Girma Bishop na wannan yanki, Uban Jami'a, da Mai Girma Shugaban Jami'a, Farfesa Gidiyon Ojiambo Were, suka karɓi labarin rasuwar uwarmu, malamarmu kuma abokiyar aikinmu, Farfesa Keziya Taaka Mangeni, wadda ta kafa Sashen Horar da Malaman Yara Masu Buƙata ta Musamman, ta kuma shugabance shi shekara goma cif, wadda ta yi barci cikin Ubangiji da safiyar Lahadi, 12 ga Maris, 2006, bayan jinyar ciwon zuciya ta mako uku, tana da shekara sittin da biyu a duniya.

Wannan takarda ta soke sanarwar da aka ji a rediyo ranar Litinin. Ba a yi jana'iza ranar Laraba kamar yadda aka faɗa ba. Gobe Asabar za a yi, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a gidan marigayi mijinta da ke Buhehe. Jama'ar da suka taso daga nesa suka tarar an ɗage suna da haƙƙin sanin dalili, kuma dalilin kuskure ne da ya fito daga hannuna, ni Magatakarda, limamin coci Kanon Erisa Oundo. Marigayiya ta bar wasiyya guda ɗaya tak game da jana'izarta, cewa Malam Yokana Egesa, kurma, malamin ajin kurame a tsibirin Lolwe, shi zai yi mata addu'ar ƙarshe a bakin kabari. Mu kuwa saura ƙiris mu binne ta bai ma san ta rasu ba. Hukuma ta umarce ni in bayyana wannan a fili, kuma ko ba ta umarta ba da na faɗa. Amma sai an san wace ce muka rasa kafin a gane girman abin da muka kusa aikatawa.

An haifi Keziya Taaka a farkon 1944, 'ya ta huɗu ga wani mai wa'azin ƙauye da ke zagaya majami'u uku a kan keke ɗaya. Ta gama kwalejin horon malamai ta mishan a 1966, aka tura ta wata firamare a bakin tafki kusa da Majanji. A nan ta lura da wani yaro ɗan shekara takwas da ke zama kullum a gindin tagar ajinta yana ɗinke tarun babansa. Da ta tambaya aka ce ta rabu da shi, ba ya ji, ba ya magana, kansa ma ba daidai yake ba. Wata rana da yamma ta gan shi da uwarsa suna zabga gardama da hannu a kan wa zai ci kan kifi, kuma yaron ne ya yi nasara. Ta sha ba mu labarin nan tana dariya, tana cewa, "Wanda ya iya kayar da macen Majanji a gardamar kifi, a ce kansa ba daidai ba? Mu ne dai namu kan bai kai nasa ba." Washegari ta shigo da shi aji. Ba ta san alama ko ɗaya ta maganar hannu ba, don haka ta riƙa nuna masa abu yana nuna mata sunansa, ita kuma tana ba shi harafi. Wannan yaro shi ne Yokana Egesa, kuma har ta zama farfesa, duk taron da ya haɗa su, da "malamina na farko" take gabatar da shi.

Shekara bakwai bayan haka ta kai shi majami'a a ɗora masa hannu, a tabbatar da shi cikin bangaskiya, tare da tsararrakinsa. Faston yankin na wancan lokaci, mutumin kirki amma mai bin ƙa'ida sau da ƙafa, ya ce ba zai yiwu ba, tunda yaron ba zai iya amsa wa Bishop da baki ba. Malama Keziya, wadda a lokacin ko talatin ba ta cika ba, ta jira har Bishop ya sauko daga mota, ta durƙusa kamar yadda ya kamata, ta ce, "Ranka ya daɗe, Wanda Ya yi bakin Shi Ya yi hannun. A yi masa tambayoyin, in ya kasa ko ɗaya ni za a kora daga aiki." Bai kasa ko ɗaya ba. Yau a majami'u fiye da arba'in na wannan yanki akwai mai fassara da ke tsayawa kusa da bagade ranar Lahadi, kuma kusan dukansu daga hannunta suka fito.

Ba za mu iya kawo duk abin da ta yi a shekarun da suka biyo baya ba: yadda ta riƙe ajin kurame da makafi a buɗe a shekarun yaƙi, lokacin da alli ma ya gagara, tana rubutu da gawayi a jikin bango, da yadda ta koma karatu da goyo a bayanta har ta kai ga digiri na uku. Da aka mai da kwalejin nan jami'a, ita ce ta tsaya a gaban Hukuma a 1996 ta ce jami'ar da ke ɗauke da sunan Almasihu ba ta da ikon yaye malaman da ba su san yadda za su yi da yaron da ba ya ji, ko ba ya gani, ko ba ya saurin ganewa ba. Aka ba ta tsohon rumbun masara da ke bayan ɗakin sujada, da ɗalibai bakwai, galibinsu waɗanda sauran sassa suka ƙi ɗauka. Daga wannan rumbu malamai ɗari huɗu da goma sha biyu suka fito zuwa yau, goma sha tara daga cikinsu kurame, goma sha ɗaya makafi. Duk inda aka je a ƙasar nan aka ga malami ya tsuguna daidai tsayin yaro kafin ya yi masa magana, a tambaye shi inda ya yi karatu. Muna alfahari da wannan, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Koyarwarta ba ta wasa ba ce. Makon farko na kowace shekara makon shiru ne a sashenta: daga Litinin zuwa Juma'a ba mai buɗe baki, a aji ko a ɗakin cin abinci, wanda ke son ƙarin wake sai ya nemi yadda zai roƙa da hannu. Na ga fastocin da suka saba wa'azin awa biyu sun fito daga makon nan kamar an zare musu laka, na kuma ji sun koma majami'unsu sun rage surutu. Ƙa'idarta ta biyu kuwa, duk wanda ya ratsa ajinta ya haddace ta: "Kada ka aika, ka je." Ta ce labari, mai daɗi ko marar daɗi, da ƙafa ake kai wa kurma, ka tsaya inda haske zai bugi fuskarka, ya ga idonka da bakinka da hannunka. In tana tare da kurma ta ga mutum yana magana ya ba wa taga baya, sai kawai ta miƙa hannu ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ko wane ne shi. Ta yi wa Shugaban Jami'a, ta yi wa baƙon da ya zo duba mu daga babban birni. Daga nan kurame suka raɗa mata sunan da suke kiranta da shi, wato a kama haɓa da yatsa biyu a juya fuska gefe.

A nan dole in bar "mu" in koma "ni", domin kowa a harabar nan ya san shekara goma muka yi muna fafatawa da ita. Ni mutumin ƙa'ida ne, ita kuwa ƙa'idar da ta tare wa ɗalibinta hanya ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Na taɓa sa ajinta a saman bene alhali tana da ɗaliba mai keken guragu. Ba ta rubuto mini ƙorafi ba, sai ta kwaso ajin gaba ɗaya suka zauna a barandar ofishina, kwana tara tana koyar da rubutun makafi a bakin ƙofata, har na gaji na canza jadawalin. Kowace shekara a bikin yaye ɗalibai ni ke kiran sunaye, kuma kowace shekara sai ta tare ni bayan an tashi ta ce, "Kanon, ka sake rufe bakinka da takarda. 'Ya'yana ba su san ka kira su ba sai da aka zungure su." In ce, "Farfesa, ai akwai lasifika." Ta ce, "Allah Ya shirye ka." Daga baya na gano ni ma kurame sun raɗa mini suna ba tare da neman izinina ba, wato a ɗaga tafin hannu a tare baki. Ban ji daɗi ba, na kuma gaya mata, ta ce in sunan ya dame ni in sauke takardar. A wani zaman Majalisar Malamai da muka ƙi amincewa da ƙarin masu fassara huɗu da ta nema, ta miƙe tana tattara takardunta ta ce, "To, Kanon, rubuta wannan ma a bayanin zama. Ranar da na mutu Yokana ne zai yi mini addu'ar ƙarshe, ku kuma ku zauna ku jira fassara, ku ji yadda abin yake." Aka yi dariya. Ban rubuta ba, na ɗauka irin baƙar maganarta ce da muka saba.

Ranar Litinin, washegarin rasuwarta, na yi abin da muke yi duk lokacin da babban mutum ya rasu, abin da iyayenmu suka saba tun da rediyo ta shigo ƙasar nan. Na zauna na tsara sanarwa mai kyau, ban bar muƙami ko ɗaya a baya ba, na aika gidan rediyo, aka karanta da safe da rana da yamma, cikin harsuna uku. Aka kaɗa ƙararrawar ɗakin sujada sau sittin da biyu. Na koma gida ina jin na sauke nauyi. Kuramen ɗalibanmu da ke cikin jami'a sun sani, amma sun ɗauka ofis ya tura mutane ƙauyuka da tsibiri. Mataimakiyar marigayiya a sashe, Malama Perusi Nahabi, wadda ke tare da iyali tun ranar Lahadi, ita ma haka ta ɗauka.

Ranar Talata da yamma muka hallara a Buhehe. An kafa rumfuna, ƙungiyoyin mawaƙa suna karɓa-karɓa, mata na tuƙa tuwon tamba da rogo a manyan tukwane, ko wurin jingine keke babu. Malama Perusi ta daɗe tana duba taron, sannan ta matso kusa da ni ta ce, "Kanon, ina mutanenta?" Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan, Malama? Ga su nan har bakin hanya." Ta ce, "Duba da kyau. Ban da 'yan ajinmu, ka ga hannu ɗaya na motsi a wurin nan? Wa ka tura Lolwe?" Na ce, "Ai an sa a rediyo, har sau uku." Maganar na fita daga bakina na ji ta da kunnena, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara goma matar nan tana gaya mini abu ɗaya, ranar da ta daina iya faɗa sai na yi mata sanarwar da mutanenta ba za su ji ba. Lolwe kuwa ko wayar hannu ba ta kamawa.

A lokacin samarin dangi sun riga sun taru a bayan gida da fartanyoyi da shebur, suna jiran Mzee Sitefano, yayan marigayi mijinta, ya nuna musu wurin kabari. Kuma kowa ya san in aka soma haƙa, washegari sai an rufe. Na same shi a gindin mangwaro na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya ce, "Kanon, kai fa ba yaro ba ne. Mutane sun taso daga Kampala, sun taso daga Kisumu, na yanka sa tun safe. Kwana nawa kake so in bar matar ƙanina a sanyin asibiti saboda mutum ɗaya?" Uwargida Dorokasi, babbar 'yar marigayiya, wadda duk zatonta Malam Yokana yana hanya, ita ce ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, duba wannan tukuna." Takarda ce da ta tarar a jakar uwarta, layi biyu da rubutun hannunta, maganar nan ce da ta faɗa a Majalisa ba ragi ba ƙari. Mzee ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Ya ce, "Yokanan nan, shi ne mai kawo mana busasshen kifi duk Kirsimeti, ya zauna ya cinye rabi?" Aka ce shi ne. Sai ya ce a gaya wa samarin su ajiye fartanyoyin. Ya juyo gare ni ya ce, "Asabar. Ko ya zo ko bai zo ba, Asabar zan binne ta. Keziya ta juya ni tana da rai, ga shi ta mutu ma tana juya ni." Jami'a ba za ta manta da wannan karamci ba, domin ta san abin da ƙarin kwana uku ke nufi ga gidan da ke cike da baƙi.

Abin da ya biyo baya za mu daɗe muna ba da labarinsa. Da sassafe ranar Laraba 'yan ajin ƙarshe su talatin da takwas suka raba yankin a tsakaninsu, ba wanda ya sa su, wasu a kekunansu, wasu a bayan boda-boda, wato 'yan acaɓa, wasu a ƙasa. Cikin kwana biyu sun taka makarantu sittin da ɗaya a gundumomi biyar, da shagunan ɗinki da na kafinta inda tsofaffin ɗalibanta ke aiki, biyu daga cikin 'yan ajin har sun ƙetara iyaka zuwa Kenya. Ba wanda ya bar saƙo a hannun maƙwabci. Inda ba su tarar da mutum ba, zama suka yi suka jira shi. Saura Lolwe. Malama Perusi ta ce ita za ta, na ce tare za mu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kanon, awa biyar ne fa a kan ruwa." Na ce na sani. Ban gaya mata ba cewa duk da an haife ni mil bakwai daga tafkin, a shekara sittin da huɗu ban taɓa shiga jirgin ruwa ba.

Muka tashi daga Majanji a jirgin katako mai inji, tsakanin buhunan garin masara da jarkokin kananzir. Ba zan ɓata takardar jami'a da bayanin abin da igiyar ruwa ta yi wa cikina ba. Da na ɗan dawo hayyacina Malama Perusi ta ce, "Ni fa ba zan gaya masa ba. Kai ka ɗauko labarin, kai za ka sauke shi." Na ce, "Malama, ko gaisuwa ban iya ba." Ta ce, "Muna da sauran awa huɗu." Alama uku ta koya mini: sunan Farfesa, da "ta rasu", da "ka yafe mini". Na yi ta maimaitawa, matan da ke kai tumatir tsibirin suna kallon dattijo da farar kwala yana jan haɓarsa, suna ƙunshe dariya.

Wajen ƙarfe biyu na rana muka sauka. Ajin Malam Yokana ɗaki ɗaya ne a ƙarshen firamaren tsibirin, yara goma sha huɗu, muka tarar yana koya musu rabawa a allo. Ya san ni, don ya sha zuwa bukukuwanmu, ya kuma san ni ba mai zuwa ko'ina ba ne. Yana ganina a bakin ƙofa ya ajiye allin. Na ɗaga hannu zan fara, ashe na tsaya rana tana bayana, fuskata a duhu. Sai ya tako ya kama haɓata da yatsa biyu ya juya ni wajen haske, daidai yadda take yi. A nan na kusa kasawa. Na daure na yi alamun nan uku. Ya dube ni, ya dubi Malama Perusi, ta gyaɗa kai. Ya zauna a bencin yara ya yi kuka mai ƙarfi, kukan da shi mai yinsa ba ya jin sautinsa, yaran suka kewaye shi suka dafa shi.

Da kukan ya lafa ya miƙe, abu na farko da ya yi shi ne ya kama hannuna ya gyara mini sunanta, don ashe ƙasa nake jan haɓar maimakon in juya ta gefe. Sai da na yi daidai sau uku ya sake ni. Sannan ya tambaya, Malama Perusi na fassarawa, "Yaushe?" Na ce Lahadi. Ya ƙirga a yatsunsa ya ce, "Yau Laraba. Me ya tsayar da ku?" Na gaya masa maganar rediyo da bakina, ina jiran ya yi mini abin da na cancanta. Ya daɗe yana kallona, sai na ga kafaɗunsa na girgiza, ashe dariya yake da hawaye a fuska. Ya ce, "Rediyo. To, wa ya turo ka?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Bara da Mama ta zo nan na ce mata ta tsufa, ta ajiye aikin nan ta huta. Ta ce saura mata ɗalibi ɗaya, mai taurin kan tsiya, shekara tara yana maimaita aji, ba za ta huta ba sai ya ci jarrabawa. Na ce wane ne?" Malam Yokana ya ɗaga tafin hannunsa ya tare bakinsa. Wannan kam ban jira an fassara mini ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka makara, Kanon, amma da ƙafarka ka zo. Bari in sallami yaran."

Jiya Alhamis muka iso Buhehe tare da shi. Mzee Sitefano ya tarye shi a bakin ƙofa, ya riƙe hannunsa ya kai shi ya zaunar cikin 'ya'yan gida, ya ce wa Malama Perusi, "Gaya masa yau bai kawo kifi ba, amma na yafe." Zuwa safiyar yau kurame fiye da ɗari biyu sun iso, da makafi da 'yan jagoransu, da iyaye mata riƙe da yaran da a da ake ɓoyewa a ɗaki, kuma har yanzu ana saukowa daga motoci. Yau da yamma za a soma haƙa kabari.

Bisa amincewar iyali da ta Mai Girma Bishop, ana sanar da manyan baƙi cewa kujerun gaba gobe na kurame ne, domin su ga hannu da fuska ba tare da kan kowa ya tare su ba, muna kuma roƙon kada wani mai muƙami ya ɗauki zama a baya a matsayin raini. Hukumar Gudanarwa, a zamanta na gaggawa, ta zartar cewa daga yau za a kira sashen da sunan marigayiya, ta amince da masu fassara huɗun da aka hana ta, ta kuma kafa ƙa'ida cewa babu sanarwar da za a ce ta fita daga jami'ar nan sai an kai ta da ƙafa ga waɗanda ba sa ji. Addu'ar ƙarshe Malam Yokana Egesa zai yi ta da hannu. Za a kashe lasifika, ba za a fassara ba sai ya gama, mu masu kunne kuma za mu zauna mu jira.

A madadin Mai Girma Bishop, Uban Jami'a, da Mai Girma Shugaban Jami'a, da Hukumar Gudanarwa, da Majalisar Malamai, da ma'aikata da ɗalibai na da da na yanzu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mzee Sitefano Mangeni da dukan gidan Mangeni, da Uwargida Dorokasi da Malama Eseza, waɗanda tun suna ƙanana suka yi haƙurin raba uwarsu da ɗaruruwan 'ya'yan wasu, da Malam Yokana Egesa, da Malama Perusi Nahabi da abokan aikinta, da duk wanda labarin nan ya same shi a makare saboda sakacinmu, muna neman gafararsu. Muna roƙon Allah Uba, Mai ta'azantar da masu makoki, Ya ba iyali ƙarfin zuciya da juriyar wannan babban rashi, Ya riƙe hannun waɗanda za su ci gaba da aikinta, Ya ba baiwarSa Keziya hutawa cikin salama har ranar tashi.

An ɗora mini karanta wannan takarda gobe a gaban jama'a kafin a ɗauki gawa. Zan tsaya ina fuskantar rana, takardar kuma za ta tsaya ƙasa da haɓata.

Rabaran Kanon Erisa Wabwire Oundo
Magatakarda kuma Kakakin Jami'ar Kirista ta Kwarin Sio